Bayan Iyaye, Wa Zai Riƙe Su?

A watan Janairu na 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa, kamfani kuwa Naira miliyan 1. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairu na 2024.

To, amma akwai waɗanda matakala ba ita ce matsalarsu ba, watau masu raunin ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa, irin masu galahanga, waɗanda a wasu wurare ake ce wa 'yan ruwa. Irin wannan mutum yana iya hawa bene da ƙafarsa, amma ba ya iya ƙirga canji ko girka abinci shi kaɗai. Abin da yake bukata shi ne muhalli da mai duba shi kullum.

Dokar ba ta manta da su ɗungum ba. Ta ce a yi musu magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta hana a yi bara da su, ta kuma ce idan ana rabon gidaje a fara da nakasassu. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ba wa mutum ɗaki daban, biyan wanda zai kula da shi a ɗakin daban. Yau wannan nauyi yana wuyan iyaye ne, musamman mata. Ran da uwa ta kwanta dama, sai dangi su yi ta tura wa juna shi, ƙarshenta ya faɗa titi ko gidan mari.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, wadda sashenta na 19 ya ce suna da ikon zama cikin jama'a tare da taimakon da ya kamata. Saboda haka ya wajaba hukumar nakasassu ta ƙasa, da aka kafa a 2020, da gwamnatocin jihohi su fara ƙidaya su, su yanka wa masu riƙonsu alawus, su kuma koyar da ma'aikatan da za su riƙa bi gida-gida. In ba haka ba, dokar za ta tsaya a takarda.