Ba Damina Ce Ta Raba Mu da Duwatsu Ba

Duk watan Agusta sai ka ji matasan Barnawa da Sabon Tasha suna cewa damina ta hana su hawan dutse. Ban yarda ba. Gaskiya ne falalen dutse irin na Kajuru, da zarar ya jiƙe, gansakuka kan sa shi santsi kamar sabulu. Amma dutsen da ya ranƙwafo cikinsa a bushe yake ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma can gwanaye ke rataya da yatsunsu. Tsoro ne ya tsare mu, hukuma kuwa ta yi gum. Tun harin Kajuru na Afrilun 2019, wane uba zai bar ɗansa ya bi hanyar Kachia da asuba don wasa?