A Bar wa Manhaja Ginin Fayil ɗin XML

Yawancin ɗaliban da ke buga rubutu da kwamfuta sun daɗe suna mu'amala da XML ba tare da sun sani ba. Tun daga shekarar 2007, takardar da aka ajiye da Microsoft Word a tsarin docx ƙunshi ce ta ƙananan fayilolin XML da aka matse wuri guda. Haka kuma saƙonnin kuɗi da bankuna ke aika wa juna bisa ƙa'idar ISO 20022, da XML ake tsara su. Ba mutum ne ke zama ya buga waɗannan fayiloli da hannu ba, manhaja ce ke samar da su. Saboda haka ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da wannan aiki, kuma hanyar da aka fara nuna masa ita za ta bi shi har wurin aiki.

XML hanya ce ta tsara bayanai ta yadda mutum da na'ura duk za su iya karanta su. Ƙungiyar W3C, mai kula da ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a watan Fabrairun 1998, bayan an tsamo ta daga wani tsari mai wahala da ake kira SGML, na shekarar 1986. Kowane bayani ana sanya shi tsakanin lakabin buɗewa da na rufewa, kamar haka: <maki>72</maki>. Lakabi na iya ɗaukar sifa, misali <ɗaliba suna='Hauwa'>, kuma dole ne lakabi guda ya ƙunshi dukkan sauran.

Wannan sauƙi shi ke ruɗin sabon shiga. Yakan ga cewa fayil ɗin rubutu ne zalla, sai ya umarci manhajarsa ta riƙa liƙa guntayen rubutu: lakabin buɗewa, sunan ɗalibi daga rajista, lakabin rufewa. Ya gwada da suna uku ko huɗu, ya ga komai lafiya, ya miƙa aiki. Ranar da rajista ta kai kan Sa'adatu, abin da zai fito shi ne suna='Sa'adatu', kuma manhajar da ke karantawa za ta ɗauka sunan ya ƙare a kan "Sa". Haka zai faru idan malami ya rubuta "maki < 40" a wurin sharhi, ko sunan wani kamfani ya zo da alamar &. Alamomi biyar ne ke da matsayi na musamman a XML, kuma kowace tana da madadin da ake rubutawa a gurbinta; ana rubuta &amp; a madadin &, ana rubuta &lt; a madadin <.

Abin lura shi ne XML ba ta yafiya. Manhajar buɗe shafin intanet takan kau da kai daga kuskuren HTML ta nuna abin da ta iya, amma ƙa'idar XML ta hana mai karanta fayil ci gaba da aiki kamar yadda ya saba da zarar ya tarar da ginin ya karye. Alama guda a sunan yarinya guda tana iya hana sakamakon makaranta sukutum shiga. Mafi muni kuma, mugu na iya cusa lakabinsa a gurbin suna, manhajar da ke liƙe-liƙe ta haɗiye shi, ya sauya abin da fayil ɗin ke faɗa.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin dalili. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ babu su a tsofaffin tsare-tsaren haruffa irin ISO 8859-1, kuma fayil ɗin da aka ajiye da su yakan mayar da Ƙasimu ya koma ?asimu. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, yana ɗauke da su duka, kuma wajibi ne kowace manhajar karanta XML ta fahimce shi.

Maganin duk wannan yana nan kyauta. Manyan harsunan rubuta manhaja suna zuwa da taskar kayan aiki ta XML. A harshen Python akwai ElementTree, wanda ke gina bayanan a matsayin bishiya mai tushe da rassa, sannan ya rubuta fayil ɗin da kansa. Shi zai rufe kowane lakabi, ya musanya alamomin da ke buƙatar musaya, kuma idan tsarin haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ, sai ya rubuta lambarta &#409; don kada harafin ya salwanta. Idan bayanan sun yi yawan da bishiyar za ta cika ma'ajiyar kwamfuta, akwai hanyar rubutawa kaɗan-kaɗan, kamar StAX a harshen Java.

Wasu malamai na ganin cewa taskar kayan aiki tana ɓoye wa ɗalibi ainihin abin da ke gudana. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma ya dace ɗalibi ya fara buga ƙaramin fayil da hannunsa har ya gane sigarsa. Sai dai koyon siga daban, samar da fayil daga bayanan jama'a daban, domin mai rubuta manhaja ba shi da iko a kan sunan da za a shigar gobe. Wasu kuma na cewa tsarin JSON ya karɓe wuri mai yawa daga XML a yanar gizo. Haka ne, amma shi ma yana da alamominsa na musamman, kuma mai liƙe-liƙe zai faɗa rami iri ɗaya.

Don haka ya kamata malamin kwamfuta ya sauya yadda yake duba wannan aiki. Kafin ya ba da maki, ya shigar da Sa'adatu da Ƙasimu da sharhi mai alamar < a cikin rajistar gwaji, sannan ya sa wata manhaja dabam ta karanta fayil ɗin da ya fito. Ɗalibin da aikinsa ya karye a aji zai gyara shi cikin minti goma, tun kafin albashin wani ko sakamakon jarrabawarsa ya rataya a kan wannan aiki.