Waiwaye: Da rumfar mai gyara ake fara cinikin keke

Mu da muka tashi a shekarun 1960 da 1970 mun san martabar keke a unguwanninmu. Malamin makaranta da malamin gona da masinjan En'e duk a kansa suke zuwa aiki. Idan aka ce wane ya sayi Raleigh, wanda muke kira Rali, mai hoton zalɓe a goshi, sai maƙwabta su yi ta shigowa ana Allah ya sa a kashe lafiya. A Nottingham ta Ingila aka fara ƙera shi, daga baya har a Kano aka riƙa haɗawa. Phoenix na ƙasar Sin ya biyo baya da sauƙin kuɗi. Wani ma ba ya ɓare takardar da aka naɗe ƙarfen da ita, sai ta tsufa ta zube da kanta.

Duk wannan muna tunawa. Abin da ya shige mana shi ne yadda iyayenmu suke cinikin. Mutum ya shekara yana adashi, amma ranar da ya ɗauka ba kanti yake nufa ba. Gindin darbejiya yake zuwa, inda mai gyara yake zaune da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma roba don gano inda ta huje. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, wanne ne ba ya yawan kwana a wurinka?" Shi kuwa ya ce, "Yallaɓai, sayi wanda ko a kasuwar ƙauye za ka sami sarƙarsa da birkinsa." Daga nan su tafi tare. Mai gyara ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya wulwula ƙafar baya, ya kasa kunne, ya matsa birki. Sai ya gyaɗa kai sannan a ƙirga kuɗi.

Kuɗin ƙarin albashi na Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka ɗora ma'aikata a kan Honda da Vespa, keke ya koma na yara da marasa hali. Sai ga shi zamani ya juyo. Mutanen Maiduguri sun koma masa tun da aka hana babur a 2011. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, da aka cire tallafin fetur, kowa yake lissafin kuɗin mota. Yanzu 'ya'yanmu suna nuna mana hoton keke mai batir a waya, suna cewa a tura kuɗi a kawo shi har gida.

Keken nan abu ne mai kyau, musamman a garuruwanmu masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano da Katsina da Maraɗi. Sai dai tambayoyin gindin darbejiya suna nan. Ta farko ita ce nauyi. Mara nauyi yakan kai kilo 15 zuwa 20, wani kuwa ya haura 30, musamman mai tsohon samfurin batir na dalma. Gidajenmu akwai dokin ƙofa da soro, lungunanmu akwai kwata. Ka ɗaga shi tun a kanti. Ka kuma kashe wutar ka taka feda ka ji, domin wata rana caji zai ƙare maka a hanya, ƙafarka ce za ta kai ka gida.

A da sarƙa da ƙafa ake dubawa, yau batir ne ke cin babban kaso na kuɗin keken. Don zirga-zirgar cikin gari, inji mai wat 250 da batirin litiyom mai bolt 36 sun wadatar. Ka nemi wanda ake cirewa a shiga da shi ɗaki, don zafin Afrilu yana rage masa kwana idan aka bar shi a rana. Cajinsa yakan ci awa 4 zuwa 6, saboda haka ka auna da wutar unguwarku ko solar da kake da ita. Kada a jona masa cajar da ba tasa ba, kada kuma a bar shi a jone a yi barci. Jabun batir gobara yake jawowa.

Iyayenmu ba don alfahari suke neman suna ba. Sun san mai suna yana da abin da yake tsoron ya zube, kuma kayan gyaransa ba sa yankewa. To, ka tambayi mai kanti: idan batirin ya mutu bayan shekara uku, a ina zan sami irinsa, kuma nawa ne? Garantin a rubuce yake? Wa yake gyara shi a garin nan? Wanda ya yi ta kame-kame, ka yi masa sallama. Araha ba ta ado.

Masu gyaran nan ba su ƙare ba, jikokinsu suna bakin titi, wasu har sun fara koyon waya da batir. Kafin ɗanka ya tura kuɗi, ka kama hannunsa ku je ku gaishe su, ku tambaye su wanne ne ba ya yawan kwana a wurinsu.