KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA: WAI DAIDAITO A DANDALIN WAƘAR AMURKA

'Yan uwa matasa, akwai wani take da manyan gidajen waƙa da wasan kwaikwayo na Amurka suka yi ta rerawa a 2020, wai daidaito da tafiya da kowa. Da ɗan sanda ya danne wuyan baƙar fata George Floyd har ya mutu a watan Mayun wannan shekara, sai shugabannin gidajen nan suka shiga rige-rigen fitar da takardun nadama, suka buɗe ofisoshi, suka naɗa jami'an daidaito. To, da can ina suke?

Ku dubi Metropolitan Opera na birnin Niyok, babban gidan wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. An buɗe shi a 1883. Sai a 1955 ne baƙar fatar Amurka ta fara hawa dandalinsa a matsayin babbar mawaƙiya, wato Marian Anderson. Sai kuma a 2021 ne aka nuna wasan da baƙar fata ya tsara kiɗansa, wato Terence Blanchard. Shekara 138! Shin a duk tsawon wannan lokaci baƙaƙe ba su da murya ne, ko kuwa masu riƙe da mabuɗin ƙofar ne suka toshe kunnuwansu?

Ita dai wannan Marian Anderson, a 1939 wata ƙungiyar matan fararen fata ta hana ta zauren Constitution Hall a Washintan saboda launin fatarta. Matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga ƙungiyar don nuna fushinta. Ranar 9 ga Afrilu Anderson ta tsaya a fili gaban hubbaren tunawa da Lincoln, mutum kimanin 75,000 suka taru suna saurarenta.

Amma na bayan fa? A Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rushe shirye-shiryen daidaito a hukumomin gwamnati. A Fabrairu ya sauke wasu 'yan majalisar gudanarwar cibiyar Kennedy, aka naɗa shi shugabanta. Wata guda bayan haka aka wargaza sashen cibiyar mai kula da shigo da raunana. Abin da aka bayar da hannun dama an karɓe da na hagu. Adalcin da ya zo a matsayin kyauta daga na sama, ranar da na sama ya sake fuska, ranar yake tafiya.

Yanzu ku kwatanta da wannan. A 1871 Jami'ar Fisk ta birnin Nashville, wadda aka kafa don 'yantattun bayi, ta kusa rufewa saboda rashin kuɗi. Ɗalibai tara, akasarinsu an haife su cikin bauta, aka haɗa su cikin ƙungiyar waƙar taro, suka bazama gari-gari. An kore su daga masaukai, an wulaƙanta su a tashoshin jirgin ƙasa, ba su ja da baya ba. A 1873 sun rera a gaban Sarauniya Biktoriya. Da kuɗin muryarsu aka gina Jubilee Hall, wanda har yau yana tsaye.

Haka ma Chi-chi Nwanoku, 'yar wani ɗan Nijeriya, makaɗiya a Ingila. Ba ta zauna jiran a yi mata alfarma ba. A 2015 ta kafa ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda mafi yawan 'ya'yanta baƙaƙe ne da sauran tsiraru.

Don haka 'yan uwa, kada daɗin bakin shugaba ya ruɗe ku. In ya ce yana tare da raunana, ku tambaye shi abu biyu: me ka gina, kuma me ka rasa? Wanda bai gina komai ba, bai kuma rasa komai ba, ɗan kallo ne ya ari rigar jagora. Mai jiran azzalumi ya buɗe masa ƙofa, zai tsufa a bakin zaure.