Gobara a Kebbi: Wa ke duba lafiyar ɗan kwana-kwana?

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a babbar kasuwar Birnin Kebbi, a cikin makon da irin wannan bala'i ya auka wa kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Bayan irin wannan asara, ƙorafin jama'a a arewacin Najeriya ba ya wuce biyu: motar kwana-kwana ta makara, ko kuwa ta iso babu ruwa. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai ba a cika tambayar halin da jikin mutumin da zai riƙe mesa ya tunkari wutar yake ciki ba.

A Amurka an daɗe da yin wannan tambaya. Wani bincike da likitocin jami'ar Harvard suka wallafa a 2007 ya nuna cewa ciwon zuciya ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100 na mace-macen 'yan kwana-kwana a bakin aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda zuciya ta kashe sun faɗi ne a fagen kashe wuta, alhali wannan aiki bai wuce kashi 5 cikin 100 na lokacinsu ba.

Dalilin a fili yake. Ma'aikaci yakan wuni a zaune, sai ƙararrawa ta kaɗa, ya sanya kaya masu nauyin fiye da kilo 20, ya hau tsani cikin hayaƙi. Zuciyar da ba ta saba ba takan gaza.

Wannan ne ya sa hukumomi da dama suka rungumi motsa jiki mai tsanani na gajeren lokaci wanda ke kwaikwayon aikin kansa: jan mesa, hawa bene da kaya, dukan taya da guduma, da jan buhun yashi mai nauyin mutum, ana yi ana ɗan hutawa. A Amurka da Kanada ma akwai jarrabawar ɗaukar aiki da ake yi sanye da riga mai kilo 22, kuma dole a kammala matakanta takwas cikin minti 10 da daƙiƙa 20.

Ga jami'an da ke sakatariyar jiha a Gwadangaji, abin da ya fi jan hankali shi ne araha. Sabuwar mota sai an jira kasafin kuɗi. Tsohuwar taya da buhun yashi kuwa ba a rasa su a Birnin Kebbi ko Argungu. Kuma ƙarfin da ake samu ba a gobara kaɗai yake amfani ba, domin 'yan kwana-kwana ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi.

Amma kwarin Rima ba Amurka ba ne. A bazara zafi kan haura digiri 40, kuma atisaye mai tsanani cikin irin wannan yanayi ba tare da isasshen ruwan sha ba na iya lahanta ƙoda. Ke nan lokacinsa shi ne bayan asuba ko da almuru, a watan azumi kuwa sai bayan buɗa-baki.

Kafin a kai ga nan ma, sai an auna hawan jini da zuciyar kowane ma'aikaci, musamman waɗanda suka haura shekara 40, a kuma fara musu da kaɗan.