Kafin Jirgin Ƙasa Ya Iso Sakkwato, A Fara Auna Ruwan Fadamar Rima

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma har yau bai ƙara taku ɗaya zuwa Sakkwato ba. Shi ya sa tun da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, matasan Sakkwato ke ta tambaya a Facebook yaushe nasu zai zo. Suna da gaskiya. Sai dai mutanen Wurno, Rabah da Goronyo suna da wata tambaya da ta fi wannan gaggawa: ranar da za a zana layin, da waɗanne bayanai za a zana shi?

A manyan ayyuka na yanzu, sai an gama gina layin dogo a cikin kwamfuta kafin katafila ta taɓa ƙasa. Tsarin da ake kira BIM yana haɗa gada, kwalbati, tasha, wayar lantarki da tudun da dogon zai hau a cikin samfuri guda mai tsawo da faɗi da zurfi. Kowane abu yana ɗauke da bayaninsa, kamar irin simintin da za a zuba, kuɗinsa da ranar da za a gama shi. Idan bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙin gada, manhajar za ta nuna tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta wannan tsari a ayyukanta tun 2016.

Amma duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san kwamfuta ba ta duba. Abin da aka ba ta shi take lissafawa, in an ba ta ƙarya ta dawo da ƙarya cikin zane mai kyau. A gabashin Sakkwato, bayanin da ya fi kowane tsada shi ne na ruwa.

Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Hawan mita ɗaya ko biyu a cikin kowace mita ɗari ma wahala ce ga jirgin kaya, don haka injiniyoyi kan bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su tara tudu mai tsawo su ɗora dogon a kai. Duk layin da zai fito daga Gusau ya shiga Sakkwato ya nufi Illela sai ya tsallake gulbin Rima da fadamarsa. Tudun ƙasa da aka gitta a fadama kuwa madatsar ruwa ce, ko an kira ta da wannan suna ko ba a kira ba. Idan kwalbatocin da ke ƙarƙashinsa sun yi kaɗan, ruwan zai koma baya ya kwanta a kan shinkafa da albasa da tafarnuwar da yankin ke taƙama da su. Idan tudun ya fashe, abin ya fi muni. A Mokwa ta jihar Neja, a ƙarshen watan Mayun 2025, rahotanni sun nuna cewa ruwa ya taru a bayan tsohon tudun layin dogo kafin ya ɓalle cikin gari, ya hallaka sama da mutum 150.

Mutanen wannan yanki ba sai an ba su labarin Rima ba. Madatsar ruwan Goronyo tana riƙe kubik mita kusan miliyan 942, kuma a watan Satumban 2010 ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki a kwarin, har ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Inda ruwan wannan shekara ya kai a jikin katanga da bishiya shi ne ma'aunin da ya kamata a gwada kowane samfurin kwamfuta da shi. Wannan bayani yana kan dattawan da suka gani da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi.

Wani zai ce ai akwai tauraron ɗan Adam. Akwai, kuma kyauta ne. Sentinel-1 na Turai yana aiki tun 2014, yana gani ta cikin gajimare, yana nuna inda ruwa ya malala. Taswirar tudu da kwari ta SRTM ma kowa na iya saukewa, sai dai kowane ɗigo a cikinta faɗin mita 30 ne, kuma kuskurenta a tsayi kan kai mitoci. A fadamar da rabin mita ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse, wannan bai isa ba. Ga kuma matsalar tsaro. 'Yan bindiga sun hana shiga wurare da dama a ƙananan hukumomin nan uku, kuma mai safiyon da ya zo daga Abuja zai fi son ya tashi jirgi mara matuƙi daga bakin titi ya koma otal. Hoton sama ba zai gaya masa wace ce burtali ba, ko maƙabarta, ko gonar gado da magada goma ke nomawa.

Nan ne wayar da ke hannun matashi take da amfani fiye da TikTok. Da KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu netwok, ana iya ɗaukar hoton alamar ambaliya tare da wurinta da shekararta da sunan ƙauyen. Da OpenStreetMap ana iya saka hanyoyi, rijiyoyi, burtaloli da magudanai. GPS ɗin waya kan kauce da 'yan mitoci, ba zai maye gurbin na'urar safiyo ba, amma zai nuna wa injiniya inda ya kamata ya je ya auna. Sai a kula, bayanin da zai nuna wa ɓarayi inda ake ajiye dabbobi ko hatsi ba na sakawa a intanet ba ne.

Batun gonaki ma ba ƙarami ba ne. Rikicin diyyar madatsar Bakolori ya kai ga kashe manoma a 1980, kuma tushensa shi ne wa ya mallaki wace gona, nawa aka biya, wa aka tsallake. Rijistar gonaki da aka yi a gaban mai gari da maƙwabta, tun kafin a san ta inda layi zai bi, ta fi wadda za a yi bayan 'yan kwangila da dillalan filaye sun ji ƙamshin kuɗi.

Kada a ɗauka samfurin kwamfuta maganin komai ne. Layin Elizabeth na Landan yana cikin ayyukan da suka fi amfani da BIM, amma an shirya buɗe shi a Disambar 2018, bai buɗe ba sai Mayun 2022, kuɗinsa ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa sama da 18. Abin da masu layin suka samu duk da haka shi ne cikakken bayanin abin da aka gina musu, wanda za su yi gyara da shi shekaru masu yawa.

Wannan shi ne abin da ya kamata 'yan majalisar yankin su nema a rubuce cikin kowace kwangila. A miƙa wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya samfurin a buɗaɗɗen tsari irin IFC, wanda ba sai da manhajar kamfani ɗaya ake buɗe shi ba. A wallafa lissafin ruwan da aka yi girman kwalbatoci da shi, domin malaman jami'a da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su duba. A kuma nuna wa mutanen Wurno da Goronyo, a allo, da Hausa, inda ruwa irin na 2010 zai kwanta idan tudun ya tsaya.