Rezo ya cika amma kira ba ya shiga: a raba lodi kafin a ƙara ƙarafa

Daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 10 na dare, korafi ɗaya ne a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: sandunan rezo sun cika fal a kan salula, amma saƙon murya na WhatsApp ya ƙi tafiya, kiran ɗan uwa daga Abijan ko Aljeriya yana yankewa, forfe kuma yana ƙarewa ba a mori komai ba. Da yawa suna cewa maganin shi ne a kafa sababbin ƙarafan sadarwa. Ana bukatarsu, musamman a karkara. Sai dai a cikin birane akwai aikin da ya fi araha kuma ya fi gaggawa, wato raba jama'a daidai a kan zangunan iska da kamfanoni suka riga suka mallaka.

Kowane ƙarfen sadarwa yana aiki ne da zangon iska fiye da ɗaya. Akwai na ƙasa, kamar megahaz 800 da 900, waɗanda ke tafiya nesa suna ratsa bangon laka da na siminti, amma faɗinsu kaɗan ne. Akwai na sama, kamar 1800 da 2100, waɗanda ke ɗaukar lodi mai yawa amma ba sa nisa. Salula kuwa, idan aka bar ta, zangon da ya fi ƙarfi a wurinta take kamawa, kuma galibi na ƙasa ne. Sai dubban mutane su cunkushe a ƙaramar hanya alhali babbar tana da wuri. Sandunan da ke kan salula ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ke rabon hanyar tare da mai ita.

Mazauna Yamai sun san wannan a kan kogin Isa. Gadar Kennedy tana nan tun 1970, an ƙara ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Idan kowa ya nace sai ta Kennedy, gina ta huɗu ba zai hana cunkoso ba sai an samu mai karkatar da motoci.

A fannin sadarwa, mai karkatarwar yana cikin na'urorin kamfani. Ana iya saita su ta yadda wanda ke kusa da ƙarfe za a tura shi zangon sama, a bar na ƙasa ga wanda ke can cikin ɗaki ko a gefen gari. Idan wani ƙarfe ya cika, a miƙa wasu masu kira ga maƙwabcinsa. A tsarin 4G ma ana iya haɗa wa salula ɗaya zanguna biyu a lokaci guda. Wannan ba ya bukatar siminti ko fili, sai injiniyoyi masu bin alƙaluma dare da rana, suna sake saiti duk lokacin da unguwa ta bunƙasa ko ranar kasuwa ta zo.

Gaskiya ne kamfanoni suna da uzurinsu. Yawancin talakawa har yanzu ƙananan wayoyi masu 2G ne a hannunsu, don haka dole a ware musu wani ɓangare na zango mai daraja. Wuta ma matsala ce: idan ƙarfe ɗaya ya mutu, lodinsa kan na kusa yake komawa, abin da aka gani ƙarara bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023. A garuruwan iyaka kamar Birnin Konni da Dan Isa kuwa, siginar Najeriya tana shigowa, sai ƙasashen biyu sun daidaita wa zai yi amfani da wane zango. Amma uzuri ba ya soke haƙƙin wanda ya biya jikarsa ya sayi forfe.

A nan ne nauyi ya hau kan hukumar ARCEP. Iskar da Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ke amfani da ita dukiyar ƙasa ce, lasisi aka ba su. Ya kamata hukumar ta riƙa auna ingancin rezo a lokacin cunkoso, ba da hantsi ba, ta kuma wallafa sakamakon unguwa unguwa cikin harsunan ƙasa, domin mai saye ya san wanda ke cika alkawari. Ya kamata ta tambayi kowane kamfani kashi nawa na zangon da ke hannunsa yake aiki da shi da gaske. Wanda ya ajiye zango yana barci alhali jama'a na wahala, a karɓe a bai wa mai amfani da shi.

Masu wuraren sayar da wifi da ofisoshi su ma suna da nasu. A zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Idan maƙwabta duk suka zauna a tasha ɗaya, kowa zai sha wuya. Raba su, da mayar da sababbin wayoyi kan gigahaz 5, yana sauƙaƙa lodi ba tare da an kashe ko dala ba.

Ga ɗan ci-rani da ke son jin muryar mahaifiyarsa, da ɗalibar jami'ar Abdou Moumouni mai neman darasi, da ɗan kasuwar da ke jiran saƙon kuɗi, rezo ya zama abin bukata na yau da kullum. Kafin a sake yi musu alkawarin sababbin ƙarafa, a nuna musu da alƙaluma cewa waɗanda ke tsaye ana amfani da su yadda ya kamata.